Wayar Ƙasaita: Yaƙutu, Ƙarfe da Fatar Dabba a Mahangar Kimiyya

A watan Agusta na shekarar 2001 aka fara amfani da wayar salula samfurin GSM a Nijeriya, bayan kamfanonin da suka ci gwanjon lasisi sun biya dala miliyan 285 kowannensu. A wancan lokaci duk wanda aka gani da waya a hannu, a Arkilla ne ko a cikin Birnin Shehu, an san mai hali ne. Yau kuwa da ɗan acaɓa da mai sayar da albasa da ɗalibin sakandare kowa na da tasa, har ma ta zama kamar takalmi ko hula. Amma duk da haka akwai wani jinsin waya da ba a ƙera shi don kowa da kowa ba, wanda kuɗin guda ɗaya kan kai kuɗin mota, wani lokaci ma kuɗin gida. Wannan maƙala za ta duba yadda ake ƙera irin wannan waya, da dalilin da ya sa ake zaɓar kayan da ake zaɓa, da kuma inda lamarin ya shafi makiyayi da mahauci da majemi na ƙasar Sakkwato.

Kamfanin Vertu da wayar tunawa

Misali mafi shahara shi ne Vertu, kamfanin da Nokia ta kafa a 1998 bisa shawarar babban mai zana mata wayoyi, Frank Nuovo. Tunaninsa shi ne, mutumin da ya ɗaura agogon dubban daloli a hannu, ya hau mota ta alfarma, bai kamata ya zaro wayar roba irin ta kowa daga aljihu ba. A 2002 aka fito da wayar farko mai suna Signature. A wani ƙauye da ake kira Church Crookham a kudancin Ingila ake harhaɗa ta, kuma ma'aikaci guda ne ke haɗa kowace waya da hannu daga farko har ƙarshe, sannan a zana sa hannunsa a jikinta daga ciki. Tana kuma da wani maɓalli na musamman, wanda idan an latsa sai wani hadimi ya amsa, ko da dare ko da rana, ya nema wa mai wayar tikitin jirgi ko masauki.

A 2007 kamfanin motoci na Ferrari da ke Italiya ya cika shekara 60, domin a 1947 ya fito da motarsa ta farko. Don tunawa da wannan, Vertu ya ƙera waya mai suna Ascent Ferrari 1947. Guda 1,947 kacal aka yi, kowace da lambarta, an lulluɓe ta da jar fata da baƙa irin wadda ake yi wa kujerun motar, an kuma sa mata tambarin dokin nan mai ɗaga ƙafafun gaba. Shekara ɗaya kafin nan, wato 2006, an yi wata mai suna Signature Cobra tare da maƙeran kayan ado na Boucheron da ke Faransa. Ita guda takwas aka yi a duk duniya, an naɗe ta da siffar maciji na duwatsu masu daraja, kuɗin kowace ya kai dala 310,000.

Abin lura a nan shi ne, kayan lantarkin da ke cikin waɗannan wayoyi ba su fi na wayoyin Nokia masu matsakaicin kuɗi na zamaninsu da wani abin kirki ba. Murya ba ta fi saurin isa ba, saƙo bai fi saurin tafiya ba. Kuɗin yana jikin kwanson ne, da aikin hannu, da kuma ƙarancin adadi da aka yi da gangan. Tun a 1899 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Thorstein Veblen, ya yi bayanin cewa akwai hajar da tsadarta ita ce ke jawo mai saye, domin abin da yake biya shi ne a gan shi da ita. Wannan fanni na masana tattalin arziki ne. Kwanson kuwa, akwai kimiyya ta gaske a cikinsa, kuma ta cancanci a tsaya a kai.

Fuskar da yashi ba ya karce ta

Duk wanda ya riƙe waya a Sakkwato na tsawon hunturu ɗaya ya san yadda fuskarta ke dusashewa da ƙananan zane-zane, ko da kuwa bai taɓa haɗa ta da makulli a aljihu ɗaya ba. Dalilin yana cikin ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, da yashin da ke shiga aljihu. A cikinsu akwai ɓarɓashin ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwaz.

A 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10, a kan ƙa'ida mai sauƙi: duk wanda ke sama yana iya karce wanda ke ƙasa da shi. Farcen mutum yana wajen 2.5 a wannan ma'auni. Gilashin taga yana wajen 5.5, gilashin waya da aka ƙara wa ƙarfi yana wajen 6 ko sama kaɗan. Kwaz kuwa 7 ne. Ke nan ƙwayar yashi ta fi gilashin waya tauri, kuma duk lokacin da aka goge fuskar waya mai ƙura da bakin riga, kamar an bi ta da samfefa ne a hankali.

Maƙeran Vertu sun kauce wa wannan ta hanyar yin fuskar da yaƙutu. Yaƙutu haɗin aluminiyam ne da iskar oksijin, ƙwayoyin zarra biyu na farko ga uku na biyu, waɗanda suka jeru a tsari mai matsewa ƙwarai. Taurinsa 9 ne, daiman kaɗai ya fi shi a cikin jerin Mohs. Idan babu gaurayen komai a cikinsa, garau yake kamar ruwa. Ɗan kuromiyam kaɗan ne ke mayar da shi ja, baƙin ƙarfe da taitaniyam su mayar da shi shuɗi, irin wanda ake haƙowa a tsaunin Mambilla na Jihar Taraba. Amma wanda ake yi wa waya ba daga rami yake fitowa ba. Tun 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana hanyar narkar da garin aluminiyam da oksijin a zafin da ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, a bar shi ya daskare sannu-sannu ya zama dunƙule guda. An sami wasu hanyoyin bayan tasa, amma tushen ɗaya ne. Sai a yanka dunƙulen da kayan aiki masu bakin daiman, a goge shi na tsawon kwanaki. A ƙarƙashin maɓallan Signature ma an sa ƙananan jajayen yaƙutu, kamar yadda ake yi a cikin agogo mai kyau, domin gurbin da maɓalli ke motsi kada ya cinye da yawan latsawa.

To, me ya hana a yi wa kowace waya haka? A nan ne ɗalibai kan rikita abubuwa biyu. Tauri daban, juriya daban. Tauri shi ne ƙin karcewa, juriya kuwa ita ce ƙin fashewa idan an buga. Ƙoƙon tangaran ya fi kwanon roba tauri, amma idan duka biyun suka faɗo daga kan tebur, an san wanda za a share. Yaƙutu ba ya lanƙwasa, saboda haka faifai mai faɗi kuma siriri yana iya tsagewa idan ya faɗi a kan siminti. Bugu da ƙari yana da nauyi, kusan gram 4 a kowace santimita mai fuska shida, alhali gilashi gram 2.5 ne. Yana kuma mayar da haske fiye da gilashi, abin da ke sa karatu a fuskarsa ya yi wuya a tsakar rana. Kamfanin Apple ya yi yunƙurin samar da yaƙutu mai yawa tare da wani kamfani mai suna GT Advanced Technologies, amma a watan Oktoba na 2014 wannan kamfani ya durƙushe, manyan fuskokin iPhone suka ci gaba da zama na gilashi.

Ƙarfe da matsalarsa

Jikin wayar ƙasaita kan kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko taitaniyam, ko zinariya. Taitaniyam yana da ƙarfi kusan kamar ƙarfe amma nauyinsa gram 4.5 ne inda ƙarfe ke da 7.8. Zinariya kuwa 19.3 ce, kuma tana da laushi, shi ya sa ake gauraya ta. Wadda ake kira karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne kawai zinariya. Matsalar dukkansu ita ce, waya rediyo ce, tana aika igiyoyin sadarwa tana karɓa, kuma kwanson ƙarfe da ya rufe ko'ina yana tare waɗannan igiyoyi, kamar yadda Michael Faraday ya nuna a 1836. Dole mai ƙira ya bar wa eriya taga, ya rufe ta da abin da igiyoyin ke ratsawa, irin su tangaran ko gilashi ko roba ko fata. Ashe fatar da ke bayan irin wannan waya ba ado kaɗai ba ce.

Fata: daga jikin dabba zuwa hannun attajiri

Vertu ya yi amfani da fatar ɗan maraƙi, da ta jimina, da ta ƙadangare, da ta kadan Amurka. Cinikin fatar kada tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya na cikin waɗanda suka amince da ita, domin kwaɗayin irin wannan fata ya kusa ƙarar da wasu jinsunan kada a ƙarni na ashirin. Sai dai a kasuwar kayan alatu ta duniya akwai wata fata da ta daɗe da yin suna tun kafin a san waya, kuma tushenta yana nan kusa: fatar jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi.

Shekaru aru-aru ayarin fatake ke ɗaukar jemammiyar fatar akuya daga ƙasar Hausa, su ratsa Sahara zuwa Gat da Gadamas da Turabulus da biranen Maroko. Da yake daga tashoshin Arewacin Afirka take isa Turai, sai Turawa suka riƙa haɗa ta da wadda ake jemewa a can, suna kiran su duka fatar Maroko. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma zo Sakkwato a 1853, ya rubuta bayani a kan girman cinikin fata da takalma da ya tarar. Daga baya masu ɗaure littattafai a Ingila suka san ta da sunan fatar Neja, suna nemanta domin bangon manyan littattafai saboda ƙarkonta.

Don a gane abin da ya bambanta fata da fata, sai an leƙa cikinta. Fatar dabba hawa-hawa ce. Akwai siririn hawa na sama wanda ke ɗauke da matattun ƙwayoyin halitta, kuma shi da gashi ake cirewa a wajen jima. Akwai kitse da tsoka a can ƙasa, su ma kankare su ake yi. Abin da ke saura shi ne hawa na tsakiya, wanda kusan dukkansa wani furotin ne mai suna kolajin. Kowace ƙwayar kolajin zare uku ne da suka murɗe da juna kamar igiyar rama. Waɗannan suna haɗuwa su zama zare mai kauri, su kuma su sarƙe da juna ta kowace fuska, ba kamar saƙar zane mai tsaye da kwance ba. Wannan sarƙiya ce ke sa fata ta lanƙwasa sau dubbai ba tare da ta tsage ba, kuma har yau masana'antu ba su iya kwaikwayonta sosai da roba ba.

A saman wannan hawa zaren ya fi siranta da matsewa, kuma a nan ne ramukan gashi ke barin zanen da ake gani a fuskar jaka ko takalmi. Fatar tunkiya mai ulu tana da kitse da yawa a tsakanin zarenta, idan an cire shi sai ta zama sako-sako. Ta saniya tana da kauri, sai an tsaga ta. Ta akuya kuwa tana tsakani: ba ta da kitse sosai, zarenta a matse yake. Jar akuyar Sakkwato tana da gajeren gashi mai laushi, saboda haka ramukan gashinta ƙanana ne kuma a jere, fuskar fatar ta fito sumul, ga ta siririya amma da ƙarfi. Abin da mai ɗinka safar hannu ko jakar alfarma ke nema ke nan, kuma shi ne irin abin da mai lulluɓe ƙaramin abu kamar waya ke bukata, tunda fata mai kauri ba ta bin lungu da kusurwa.

Ɗanyar fata kuwa nama ce, idan an bar ta ƙwayoyin bakteriya za su cinye ta. Jima ita ce dabarar hana wannan. Majeman ƙasar Hausa kan jiƙa fata a ruwan toka domin gashi ya saki, su kankare ta, su sa ta a ruwan da ke sassauta zaren, sannan su tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. Kwanson bagaruwa yana ƙunshe da sinadarin tanin, irin wanda ke sa baki ya ɗaure idan an sha shayi mai kauri ko an tauna goro. Ƙwayoyin tanin suna shiga tsakanin zaren kolajin su manne masa, su kori ruwan da ke wurin, su ɗaure zare da zare. Bayan haka bakteriya ba sa iya narkar da shi cikin sauƙi, kuma idan ya bushe ba ya ƙandarewa kamar ganda. Ana iya auna wannan canji da zafi: ɗanyar fata tana takurewa a ruwan da ya kai wajen digiri 60 zuwa 65, wadda aka jeme da tanin sai wajen 75 zuwa 85, wadda aka jeme da gishirin kuromiyam kuwa takan jure har tafasar ruwa. Jimar kuromiyam, wadda ta shiga masana'antu a shekarun 1880, ita ce ake yi wa mafi yawan fatar duniya a yau saboda sauri, sai dai ruwan da take fitarwa guba ne ga rafi da gona idan ba a tace shi ba, kamar yadda mazauna kusa da masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano suka sani. Jan launin da aka san fatar Sakkwato da shi kuwa, daga karan dafi ake samunsa, wato wata irin dawa mai jan kube.

Ga inda abin ya shafi aljihun talaka. Mai sayen fata don kayan alatu yana rarraba ta daraja-daraja, kuma tabo ɗaya a tsakiya ya isa ya sauke ta daga ta ɗaya zuwa ta uku. Mafi yawan waɗannan tabo ba a majema ake yin su ba. Kaska na huda fata tun dabbar na da rai, ƙazuwa na lalata ramukan gashi, ƙaya da waya mai ƙaya na barin zane, lalas da ake yi don shaida ko magani na ƙona kolajin har abada. Sai kuma wuƙar mai fiɗa, musamman ranar Babbar Salla, lokacin da dubban mutanen da ba sana'arsu ba ce ke feɗe dabba cikin gaggawa. Daga nan sai shanya: fatar da aka baza a kan yashi mai zafi, bayanta kan ƙandare da sauri ya kulle danshi a ciki, tsakiyar ta ruɓe ba a sani ba sai an jiƙa ta a majema ta yi rami. Wadda aka sa wa gishiri da wuri, ko aka ɗaure a kan katako a inuwa inda iska ke ratsa ta ta fuska biyu, ita ke tsira. Barin jar akuya tana barbara da kowane irin bunsuru shi ma yana rage kyan fatar 'ya'yanta. Cibiyar binciken fata ta ƙasa da ke Samaru, Zariya, wato NILEST, a kan irin waɗannan matsaloli take aiki. Abin takaici shi ne, yawancin fatar da ke barin Nijeriya tana fita ne da rabin aiki, a ƙarasa ta a Italiya ko Sifen, a buga mata tambarin can.

Kwanso mai dawwama, ciki mai tsufa

Agogon hannu mai aiki da zare da ƙafafun ƙarfe yana iya yin shekara ɗari, jika ya gada daga kaka. Masu ƙera wayar ƙasaita sun so a ɗauke ta haka, amma waya ba agogo ba ce. Batirin litiyam yana raguwa da kowane caji, kuma zafi na gaggauta lalacewarsa. Masu ƙera waya kan ba da shawarar kada a yi amfani da ita a zafin da ya wuce digiri 35, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura 40. Fatar da ke jikin akuya mai rai tana da jijiyoyin jini da ke taimaka mata fitar da zafi, amma jemammiya ba ta da su, iskar da ke tsakanin zarenta ma tare zafin take yi, kamar bargo. Sannan hanyar sadarwar kanta tana canzawa. Wayoyin Signature na farko da tsarin 2G suke aiki, kuma a 2017 ƙasar Singafo ta rufe wannan tsari gaba ɗaya, haka ma kamfanin AT&T a Amurka. A irin waɗannan wurare, yaƙutun yana nan garau, zinariyar na ƙyalli, amma ba a iya kiran kowa.

Kamfanin ma bai tsira ba. Bayan fitowar iPhone a 2007, attajirai suka koma son wayar da ta fi iya aiki, ko da kuwa irinta ce a hannun direbansu. Nokia ta sayar da mafi yawan hannun jarinta na Vertu a 2012, ya sake canza hannu a 2015 da farkon 2017, kuma a watan Yuli na 2017 aka rufe masana'antar Ingila, kimanin ma'aikata 200 suka rasa aiki. Daga baya wasu sun farfaɗo da sunan. Wayoyin da suka mutu kuwa, masu tsada da masu araha, suna shiga cikin tarin sharar lantarki, wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta ta kai tan miliyan 62 a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malamin da ke son ɗalibai su ga aikin tanin da idonsu ba ya bukatar kayan waje. A daka busasshiyar bagaruwa, a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta kwana, a tace. A zuba ruwan a kofunan gilashi biyu. A na farko a ɗiga farin ƙwai da aka dama da ruwa: nan take za a ga ya yi gajimare, wasu dunƙulalli na sauka ƙasa, domin tanin ya kama furotin ɗin ƙwai kamar yadda yake kama kolajin. A na biyu a jefa ƙusa mai tsatsa a bar ta. Sannu a hankali ruwan zai rine ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, saboda haɗuwar tanin da baƙin ƙarfe. Da irin wannan haɗi dukawa ke samun baƙin da suke zana wa jar fata, kuma shi ne dalilin da ya sa majemi ba ya jiƙa bagaruwarsa a tukunyar ƙarfe.